Farin Layi a Wuyan Zalɓe

Kanazawa, 3 ga Yuni, 1984

Zuwa ga ƙanena Shohei,

"Muddin ina numfashi, Yaya, littafin tsuntsayen Baba ba zai rabu ba. Yadda ya bar shi, haka zan bar wa na baya."

Ka gane maganar? Taka ce. Ka faɗe ta ranar addu'ar kwana arba'in da tara, a gaban hoton Baba, turare yana ci, kana share hanci da hannun riga. Na sa ta gaba da gaisuwa ne saboda ta girme ta. To, yanzu ina gaisuwa, da fatan damina ta same ku lafiya, kai da Kazue da yara.

Jiya wata tsohuwar ɗalibata ta kawo mini takardar tallar wani sabon otal da za a buɗe a Kyoto. "Kowane ɗaki da tsuntsunsa," in ji tallar, "daga wani littafi mai shekara ɗari biyu." A ƙasa ga hoton zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a cikin ruwa. Na san zalɓen nan kamar yadda na san fuskarka, har farin layin da ya gitta wuyansa. Namu ne.

Na yi ta buga waya. Kullum Kazue sai ta ce kana wanka. Ko kifi ne kai, ya ci a ce ka leƙo ka sha iska.

Baba ya bar maka shagon saboda kai ne namiji. Ban yi gardama ba, ko da yake ni ce nake durƙushe a gefensa ina miƙa masa littattafai lokacin shanya su a iska duk shekara, kai kana bakin kogi kana jifan kwaɗi. Na kwashe kayana na zo nan ina koya wa 'ya'yan mutane adabi. Abu ɗaya tak na roƙa: Tsuntsayen Kogin Kamo, kundi uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, su zauna tare cikin shuɗiyar rigarsu.

Kada ka ba ni labarin tsadar rayuwa, ni ma a duniyar nake. Tambaya ɗaya ce: ka yanke zaren ɗinkin ko ba ka yanke ba?

Ka gaishe da yara.

Yayarka,
Chizuru


Kyoto, 9 ga Yuni

Yaya Chizuru,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai dai ruwa. Wasiƙarki ta iso, Kazue ta miƙo mini ita da yatsa biyu kamar garwashi.

Haba Yaya, sai ka ce na kashe mutum! Ki zo ki ga shagon. Rufi yana yoyo, bokiti ya fi masu saye yawa. Duk wanda ya shigo, ɗalibi ne da ya fake wa ruwa, ya karanta a tsaye ya tafi. Baba yana iya rayuwa da ƙanshin tsohuwar takarda, ni ina da yara masu cin shinkafa.

Kuma ba da ka na yi ba. Na ɗauki littafin na kai wa Kawu Ukita, aminin Baba, wanda duk kasuwar dillalai ta ranar Juma'a ba a sa wa littafi daraja sai ya ɗaga gira. Ya buɗe, ya kai kan zalɓen, ya rufe. Ya ce bugun baya ne. Ya ce kowa ya san katakon da aka sassaƙa zalɓen a kai ya tsage daga baya, shi ya sa duk bugun baya yake da farin layi a wuya, kuma irinsu suna nan birjik, kullum ana farke su ana sa su a firam ɗin hoto. Ya ce Baba dai son abinsa ne ya rufe masa ido. To, ni wane ne da zan ja da Kawu?

E, na yanke zaren. Amma na kundin sama kawai.

Af, tunda kin fi ni karatu, ga wata tambaya. Da na warware fallayen na shimfiɗa, sai na ga kowanne rabin tsuntsu ne da rabin wani. Kan zalɓe a nan, gindin agwagwa a can. Babu ko ɗaya cikakke! Ko dai mabugin a buge yake ranar? Na kai wa Tsujii mai firam, ya yi ta dariya har ya ƙware, ya ce ba komai, zai tsaga kowane falle a kan ninkinsa ya haɗa kowane kai da jikinsa. Ranar Asabar, 23 ga wata, zai sa wuƙa.

Ki yi haƙuri. Tsuntsaye ai an yi su ne don su tashi.

Ƙaninki mai biyayya,
Shohei


Kanazawa, 12 ga Yuni

Zuwa ga Kawu Ukita Jinpachi,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga uba, ina fatan sanyin damina bai tayar wa Kawu da ciwon gwiwa ba. Na daɗe ban rubuto ba, ina neman gafara.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya faɗi haka bai san ƙanena ba. Ɗan mai sayar da tsofaffin littattafai, da furfura a kansa, sai a makon nan ya gano cewa katako ɗaya falle ɗaya yake bugawa, a ninke shi biyu, a ɗinke ta bakin, ta yadda hoton da ya shimfiɗu a shafi biyu rabinsa yana kan wannan falle, rabinsa yana kan mai bi masa. Har yana tambayata ko mabugin ya sha giya. Wannan tsakanina da shi ne, zan ji da shi.

Amma Shohei bai yi ƙarfin halin taɓa zaren ba sai da ya samu fatawa, kuma daga bakin Kawu ta fito. An ce Kawu ya buɗe littafin ya rufe kafin shayi ya huce. Na san Baba bai taɓa nuna wa Kawu shi ba yana da rai, don ya ce in Kawu ya gani, ba zai bar shi ya yi barci ba sai ya sayar. Ashe da ya sani da bai wahalar da kansa ba.

Ina faɗa da ladabi, amma ina faɗa: Kawu ya yi kuskure. Littafin bugun fari ne. Layin da ke wuyan zalɓen ba na katako ba ne. Na san shekarar da aka haife shi, ina wurin.

Zaren da aka yanke ana iya sake ɗinka shi. Takardar da aka tsaga kuwa, ta tsagu ke nan har abada. Ina roƙon Kawu ya zo shagon Tsujii mai firam ranar Asabar, 23 ga wata, da safe, da gilashin dubawarsa. Zan shigo jirgin ƙasa na farko. In na yi ƙarya, ni da kaina zan riƙe wa Tsujii fallen ya yanka.

A huta lafiya.

'Yarka,
Chizuru


Kyoto, 17 ga Yuni

'Yata Chizuru,

Ruwa yana ta sauka, gansakuka ta yi kore shar a jikin katanga, ni kuma tsoho ina nan ina jan ƙafa. Na ji daɗin ganin rubutunki. Hannun mahaifinki ne sak, harshen kuma na mahaifiyarki.

'Yata, shekara hamsin ina wannan sana'a. Zalɓen nan ya bi ta hannuna fiye da yadda zan iya tunawa, kowanne da farin layinsa a wuya. Bugun fari kuwa, sau ɗaya na taɓa ganinsa, ina saurayi, a gidan wani attajiri, kuma gobarar yaƙi ta cinye shi. Malamar makaranta ta san abin da ke cikin littafi. Mu kuma littafin kansa muka sani. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau tsauni ba zai gan shi ba.

Duk da haka zan zo, saboda marigayi. Kada ki ji kunya in abin bai zo yadda kike so ba, kewar uba takan sa ido ya ga abin da babu. In mun gama, zan kai ki ki ci taliya a wurin da muke zuwa da shi.

Ki kula da kanki a wannan damshi.

Ukita


Kanazawa, 24 ga Yuni

Shohei,

Gaisuwa. Yaya haƙorin? Kazue ta ce ciwonsa ne ya kai ka har Osaka ranar Asabar da sassafe. Ban san likitocin haƙoran Kyoto sun ƙare ba. Tunda ba ka nan, zauna ka sha labari, kuma kada ka tsallake layi ko ɗaya.

Na iske Tsujii yana wasa wuƙa a kan dutse, fallayen Baba a jere a kan tabarma kamar kifin da za a feɗe. Sai ga Kawu da lemarsa, ya zauna a mazaunin baƙi, ya zaro mafici.

"To, malama," in ji shi, "a fara darasi. Mu ɗalibai mun hallara."

Na durƙusa a gaban fallayen. Na ɗauko falle biyu na zalɓen, na mayar da kowanne ninkinsa, na jera su yadda suke a cikin littafi: wuya da kai a dama, ruwa da ciyayi a hagu. Kawu ya nuna layin da bakin maficinsa, bai ko sunkuya ba.

"Ga shi nan. Ko makaho ya shafa."

"Kawu," na ce, "tsagewar katako jijiyar itace take bi, a miƙe. Wannan kuwa tafiya yake kamar mutum ya fito daga gidan giya."

"Katako ma yakan yi maye in ya tsufa. Dube ni."

Tsujii ya yi dariya. Na bar shi ya gama.

"Shafin nan biyu, katako nawa ne ya buga su?"

"Biyu mana. Tambayi ƙaninki, shi ma yanzu ya sani."

"To, Kawu ya taɓa jin katako biyu sun haɗa baki sun tsage wuri ɗaya?"

Na ce wa Tsujii ya kashe fitila ya zuge taga ɗaya. Haske ya shigo a kwance. Na nuna shafin hagu, can cikin ruwan, inda tawadar take fara-fara har ido ba ya tsayawa. Shohei, ga layin nan kwance, da karkacewarsa da lanƙwasarsa, sai dai a juye, kamar fuska a madubi. Na rufe shafi a kan shafi a hankali. Suka haɗu kamar tafin hannu biyu.

"Ƙwaron takarda ne," na ce. "Ya yi damina guda a tsakanin shafin nan biyu, ya lashi na sama ya lashi na ƙasa. Shekarar da Inna ta rasu Baba bai yi shanya ba, ko akwati ɗaya bai buɗe ba. Da shekara ta zagayo, ni na miƙa masa kundin. Ya buɗe, ya gani, ya ɗaga littafin sama da goshinsa yana ba shi haƙuri kamar mutum."

Kai ba ka san wannan ba. Kana bakin kogi.

Kawu ya ajiye mafici. Ya zaro gilashin, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takardar. Ya ɗaga fallen ga taga, ya ga inda ƙwaron ya bi takardar ta yi sirara, haske yana ratsawa. Ya daɗe. Ruwa yana ta ɗiga daga indararo. Can ya ce, "Tsujii, ba ni ruwa in wanke hannu."

Ya wanke, ya goge, ya rufe ido, ya ɗora yatsa ɗaya a ƙirjin zalɓen, inda babu tawada ko kaɗan. Ka san abin da yake nema? Ba ka sani ba. A bugun fari mabugi yakan danna gashin ƙirjin da busasshen katako, ba launi, sai tudu da kwari da yatsa kaɗai ke ji. A bugun baya ba sa ɓata lokaci a kai. Na ga yatsan nan yana tafiya, na ga ya tsaya.

"Yana nan," in ji shi. "Ashe bugun farin bai ƙone duka ba."

Sai tsohon nan, wanda kasuwa guda take jiran girarsa, ya ja da baya a kan gwiwoyinsa masu ciwo, ya kafa hannu biyu, ya kai goshinsa tabarma. A gabana! Malamar makaranta!

"Na duba layin, ban duba littafin ba," ya ce. "Ki gafarce ni, ki roƙar mini mahaifinki."

"Kawu ya tashi," na ce, "kada gwiwar ta ƙi miƙewa a ce ni ce."

Tsujii kuwa ya mayar da wuƙarsa kube, ya ce ko za a ba shi otal ɗin kyauta ba zai taɓa ba, a nemo wani mahaucin. Kawu ya ce ba za a samu ba, domin ranar Juma'a zai miƙe a tsakiyar kasuwa ya janye maganarsa da bakinsa, kuma duk wanda ya farke bugun fari bayan haka, ba mai sake zama kusa da shi a garin nan. Ya kuma ce ka tattaro ragowar kayan da ke jibge a bene, shi zai shigar maka da su kasuwa da kansa, a gyara rufin. Ka ga ashe akwai hanya ba sai an yanka tsuntsu ba.

Ya kai ni cin taliyar. Kwano biyu na ci.

Saura magana ɗaya. Da na jera fallayen a kan tsarinsu, ɗaya babu. Tsattsewa ba ta da wutsiya, mujiya ba ta da fuska. Ina yake?

Yayarka,
Chizuru


Kyoto, 1 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Haƙorin ya yi sauƙi.

Kawu ya yi abin da ya ce. Ina wurin, na rasa inda zan sa fuskata. Mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwata ba suna ta zuwa shago wai a nuna musu zalɓe. Otal kuma na ba su haƙuri, za su rataya hotunan kamara.

Fallen da kike nema yana wurin manajan otal ɗin. Ba sayarwa na yi ba, kyauta na ba shi tun farkon magana, a naɗe cikin yadi, da hannu biyu, a gaban ma'aikatansa. Ya sa shi a gilashi yadda yake, bai yanka ba. Wai rabin tsattsewa da rabin mujiya ya burge shi, ya yi kama da zanen zamani. Zai rataya shi a zauren shiga ranar buɗewa, Lahadi 22 ga wata.

Yaya, kin san garin nan. Mutum ya ba da kyauta ya koma ya ce a ba shi abinsa? Gara in yi tsirara a kan gada. Falle ɗaya ne fa. In muka ɗinke sauran, wa zai lura?

Ƙaninki,
Shohei


Kanazawa, 4 ga Yuli

Shohei,

Gaisuwa a taƙaice.

Wa zai lura? Mujiya za ta lura. Ni ma haka.

Ranar Juma'a, 20 ga wata, ruwa ya ɗauke, ranar fara shanya ce. Zan iso shagon da safe da allura da zaren siliki. Ina so in iske fallen a kan teburin Baba. Ka sayi kwalin alewa mafi tsada a garin, ka je ka sunkuya wa manajan yadda Kawu ya sunkuya mini. Shi da ya girme ka da shekara talatin bai mutu ba. In ka kawo, kai za ka ɗinke kundin da hannunka, huda huɗu, ina zaune a kanka, sa'an nan mu buɗe duka ukun su sha iska tare.

In kuwa na iske teburin wayam, ba zan yi maka faɗa ba. Baƙar rigar makokin Inna tana wurina, na riga na fito da ita tana shan iska. Ranar Lahadi zan saka ta, in riƙe carbi, in je in durƙusa a zauren otal ɗin, daidai ƙarƙashin rabin mujiyar nan, a lokacin da manyan baƙi suke shigowa da furannin murna. Ba zan ɗaga murya ba. Duk wanda ya tambaye ni wa ya rasu, zan ce alkawari ne, in faɗi sunan mai shi da sunan shagonsa. Mu ga manajan da zai bar mace mai makoki a ƙofarsa ranar buɗewa saboda falle ɗaya.

Ko ta hannunka ko ta hannuna, tsattsewar nan za ta kwana da wutsiyarta.

Ka ce wa Kazue ta share ɗakin bene. Hutun makaranta dogo ne, kuma na ga akwai abubuwa da yawa da ba a koya maka ba.

Sai na zo.

Yayarka,
Chizuru